Warin fetur a gaban akori-kura ba tsufa ba ne

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobin akori-kura, masu tsofaffin Fijo 504 ɗin nan da aka harhaɗa a Kaduna da tsofaffin Hilux da sauransu.

Ni tawa ta haura shekara 30, mai kafireto ce, da ita nake ɗaukar buhunan hatsi tsakanin Dawanau da Dambatta. Na yi wajen wata huɗu ina shaƙar warin fetur a gidan gaba, in dawo gida da ciwon kai, kaya na wari, har uwargida ta fara tambayata ko na koma bumburutu ne ban faɗa mata ba. Duk wanda na yi wa ƙorafi a tasha sai ya ce haba malam, tsohuwar mota ai dama haka take. To wallahi ba haka take ba. In kana jin wari to mai na fita ta wani wuri, kuma tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, wanda ke bin iska ma kuɗinka ne, balle a zo maganar gobara.

Kuskuren da na yi shi ne na fara da canje-canje ban tsaya na lura ba. Na canja filtar mai, na sa an wanke kafireto har sau biyu, kuɗi na tafiya wari na nan daram. Sai da na je wajen wani dattijon bakanike, bai ko buɗe bonet ba ya ce min, yaro yaushe kake jin warin? Na ce Baba ai kullum. Ya ce ƙarya kake, je ka yi sati kana lura ka dawo.

Ashe gaskiyarsa. Da na sa hankali sai na ga warin ya fi tsanani ranar da na cika tanki, musamman in na sha kwana ko na shiga gargada, in mai ya sauka ƙasa da rabi kuwa sai ya lafa. Baba ya ce to matsalar tana saman tanki ko wuyan da ake zuba mai, don mai ba ya kaiwa can sai tanki ya cika yana tambal-tambal. Ya ce da bayan ka kashe mota da zafinta kake ji, da sai mu nufi kafireto, ko filot, wato ɗan abin da ke tsayar da mai in kafireto ya cika, ya daina tare mai yana ambaliya ko zafin inji na tafasa man da ke ciki. Da kuma sai inji na aiki kake ji, da sai mu bi tiyo daga famfon mai zuwa kafireto, don nan ne mai ke tafiya da ƙarfi. Ya kuma zaro sandar gwada baƙin mai ya sunsuna, ya ce in robar cikin famfon nan ta yage fetur kan zurara cikin baƙin mai, ka ga ya tsinke yana ƙaruwa maimakon ya ragu, wannan kam inji yake ci a hankali. Nawa dai lafiya lau.

Wahalar fetur ba kamar baƙin mai ba ne da zai bar maka tabo a ƙasa, kafin ka leƙa ya bushe. Na shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ko ɗigo babu. Dabarar da ta yi aiki hoda ce, hodar jarirai ta kanti. Muka goge ko'ina tas, muka barbaɗa a duk mahaɗar tiyo da kan tanki, na je na cika shi na zagaya kan hanya mara kyau na dawo. Da muka haska tocila sai ga layin jiƙa ɓaro-ɓaro a wuri biyu. Na farko ƙaramin tiyon numfashi da ke gefen wuyan tanki, ashe wani yaron gareji ya taɓa sa min tiyon ruwa a wurin ya ɗaure da waya, fetur ya cinye shi ya tsattsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na biyu gaskit ɗin da ke ƙarƙashin abin awon mai a saman tanki, wato 'yar shimfiɗar da ke hana mai yoyo, ya bushe ƙayau kamar ganda.

Na ce to Baba duk wannan a waje yake, ya aka yi yake shigo min ciki? Sai ya ture kujera gaba ya nuna min, tsatsa ta huda ƙasan wurin, ga robar gindin giya ta yage, ga ramukan da wayoyi ke bi daga inji duk robobinsu sun faɗi. Wai kuma sauke gilashin da nake yi don in sha iska shi ke ƙara zuƙo tururin ta waɗannan ramuka in mota na gudu. Ta nan hayaƙin salansa ma zai iya shigowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, barci kawai za ta sa ka kana kan sitiyari.

Abin da ya fi sa ni rubuto wasiƙar nan shi ne galan. Direbobi da yawa in tanki ya lalace sai a ajiye galan a gaban mota kusa da ƙafar fasinja a ja tiyo zuwa inji, wasu kuma jarka ce a bayan kujera saboda tsoron layi a gidan mai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda tsofaffin wayoyinmu masu ɗaurin salatif suke, ga yaron mota da sigari a baki. Ba mu manta da Majiya a Jigawa ba, Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu a wutar tankar mai, Allah ya jiƙansu. Kuma don Allah kar a leƙa tanki da ashana ko laita, kar kuma a kai wa mai walda tanki a ce ai babu mai a ciki, wanda babu mai sai tururi ya fi fashewa.

Ni dai an sa min tiyon mai na ainihi da kilif mai noti, an yanka sabon gaskit, an like ramukan nan. Gaba ɗaya bai kai kuɗin wankin kafireto biyun da na yi a banza ba. Yau sati uku kenan, jiya ma na cika tanki na tafi Dambatta da lodi, abin da na shaƙa a hanya warin daddawar wata fasinja ne kawai.

Naku,
Wani direban akori-kura, daga Kano