Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanwata mai neman birnin da za ta zaga ba da mota ba

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Ranar da kika miƙe a gaban jama'a kika yi mini tambaya, lokaci ya riga ya ƙure, sai na ba ki amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Cewa kika yi kin tara guzuri kina so ki kai mahaifiyarki wani birni mai rai, mai tarihi da al'adu, amma ba ki iya tuƙi ba, ba kya kuma so kuɗinki su ƙare a tasi. Kika ƙara da cewa Mama tana fama da ciwon gwiwa. Wannan ƙarin ne ya hana ni sakat har na zauna rubuto miki.

Abin da nake fara tambaya game da kowane birni shi ne: tsakiyarsa ta girmi mota ko mota ta girme ta? Garin da aka gina a zamanin ƙafa da dabba, kasuwarsa da masallacinsa ko cocinsa da makarantarsa da unguwannin masu sana'a duk a dunƙule suke, domin mutanen da suka shata shi ba su da wata hanyar kaiwa sai sawunsu. Birni irin Brasiliya, babban birnin ƙasar Brazil, kuwa, da aka buɗe a 1960 da faffaɗan tituna domin masu mota, ko Los Anjalis ta Amurka, mai tafiya a ƙasa baƙo ne a cikinsu ko da a can aka haife shi. Waɗannan ki cire su tun daga farko.

Sai dai rashin mota kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Kowa zai ce miki Benis ta Italiya. Gaskiya ne babu mota a tsohon garin, tsibirai ne fiye da 100 da gadoji sama da 400 suka haɗa, jirgin ruwa ne bas ɗinsu. Kyau kam Allah ya ba ta. Amma ke birni mai rai kika ce. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai kusan 175,000, a 2022 sun sauko ƙasa da 50,000, har hukuma ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa yini ɗaya a wasu ranaku tun 2024. Za ki ga gine-gine, za ki ga baƙi irinki, masu garin kuwa sai kin nema. Ga shi yawancin gadojin nan matakala ce hawa da sauka. Gwiwar Mama ba za ta ɗauka ba.

Fas ta Maroko ita ce ta fi ba ni wahalar ajiyewa, domin ina ƙaunar garin nan. Tsohuwar Fas tana cikin wurare mafi girma a duniya da mota ba ta shiga, kuma mutane ne ke zaune a ciki suna sana'arsu. Daga ƙofar Bab Bujulud hanyoyi biyu suke gangarawa cikin gari, lungu na haifar lungu. Kina tafe sai ki ji an yi kira daga bayanki, "balak, balak," ki manne da bango, alfadari ya wuce da kaya har yana gogar kafaɗarki. Can ƙasa ƙarar maƙeran tagulla za ta tarbe ki kafin ki gan su, warin majema kuma ya sanar da ke kin kusa. A tsakiyar wannan duka masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda ake jingina kafa shi ga Fatima al-Fihri a shekarar 859, kuma har yau sunansa na cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya. Matsalar ɗaya ce: lungunan hawa da gangara ne, babu kuma motar da za ta ɗauke ki daga tsakiyar lungu. Ki ajiye Fas sai ranar da za ki tafi ke kaɗai ko da sa'arki.

Alƙahira tana da rai fiye da yadda baki zai faɗa, tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, na farko a Afirka, har da taragu na mata zalla. Amma jirgin bai kai ƙofar Azhar da kasuwar Khan al-Khalili ba, tsallaka titi kuma a can aiki ne na mai ƙarfin ƙafa.

Saboda haka amsata ita ce Santambul ta Turkiyya. Dalilina shi ne abin hawan da zai kai ku wuraren tarihi shi ne wanda masu garin, mutum sama da miliyan 15, suke hawa zuwa aiki. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi, layin da suke kira T1, wanda ƙofarsa daidai take da dandamalin tasha, babu ɗaga ƙafa. Yana tsayawa kusa da babbar kasuwar nan mai rufi da aka fara ginawa a ƙarni na 15, ya tsaya a unguwar Sultan Ahmad inda Aya Sofiya, tsohon babban cocin da ya koma masallaci, take tun shekarar 537, yau tana fuskantar Shuɗin Masallaci, ya gangara bakin ruwa a Eminonu, ya haye gadar Galata. Kati ɗaya, Istanbulkart, shi ake taɓawa a jirgin nan da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito.

Jirgin fiton nan shi nake so Mama ta hau. Ku shiga daga Eminonu zuwa Uskudar gab da magariba, ku samu benci ta gefen taga. A zaune take, ba ta taka ko'ina ba, amma cikin kamar minti 20 ta bar nahiyar Turai ta shiga Asiya, domin mashigin ruwan Bosforus ya raba birnin tsakanin nahiyoyin biyu. Kusa da ku ma'aikata ne da suka taso, da ɗalibai da jakunkunansu, da wata tsohuwa tana gyangyaɗi. Tsuntsayen ruwa na bin jirgin, hasumiyoyi na yin baƙi-baƙi a bayanku, kiran salla ya taso daga gaɓa biyu yana haɗuwa a kan ruwa. Kuna sauka, ga masallacin Mihrima Sultan a gabanku, aikin Sinan magini na ƙarni na 16. In dare ya yi ko iska ta taso, jirgin ƙasa na Marmaray da aka buɗe a 2013 zai dawo da ku ta ƙarƙashin mashigin Bosforus cikin 'yan mintuna.

Ba zan ɓoye miki ba, Santambul ma garin tuddai ce. Masallacin Sulaimaniyya a kan tudu yake, hawansa na sa numfashi sama-sama, jirgin T1 kuma yakan cika maƙil da safe da yamma. Maganin wannan yana wurin zaɓen masauki. Kada hoton ɗaki ya ɗauke miki hankali. Ki buɗe taswira ki auna tazarar ƙofar masaukin zuwa tasha, kada ta wuce tafiyar minti 5 irin ta Mama, ba irin taki ba. Ki tambaye su kai tsaye ko hanyar tana da hawa, ko akwai na'urar hawa bene, domin tsofaffin gidaje da yawa da aka mayar masauki ba su da ita. Ku fita bayan ma'aikata sun wuce, ku koma ku huta bayan azahar, ku sake fitowa da la'asar sakaliya. Wuri ɗaya babba a yini ya ishe ku. Kasuwar mai rufi ba ta buɗewa ranar Lahadi, sai ki ba wannan ranar ga jirgin fito.

Ki gaishe mini da Mama, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.

Naki,
Yayanki