Masu kifa rauta a ƙarƙashin benci, a duba makunni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kafintoci, musamman irina da muka yi ritaya muka mai da garejin gida wurin aikin katako.

Shekara biyu ke nan da na kifa rautata a ƙarƙashin benci. Ga wanda bai san ta ba, rauta ita ce injin hannun nan da ake fitar da ado a gefen ƙofa ko tebur da shi, ake kuma haƙa kwari a jikin katako don a zura gilashi ko filawud. A hannu, kai ke yawo da inji a kan katako. In ka kifa ta, bakinta, wato ƙarfen da ke juyawa yana yankan katako, ya leƙo ta saman benci, injin ya zauna wuri ɗaya, katako ne ke zuwa ya same shi. Abin da ya tura ni ga haka shi ne firam ɗin ƙofofin kabad, siraran katakai masu faɗin yatsu biyu. Inji mai nauyin kilo shida ba ya zama a kansu, sai ya yi ta tangal-tangal ya cinye gefe. Na yi asarar madaci mai kyau da na sayo a Na'ibawa kafin in haƙura.

Aikin bai da wuya. Da farko na ɗaure injin kai tsaye a jikin filawud mai kaurin milimita 18, kuma na yi kuskure biyu a lokaci guda: kaurin ya cinye mini tsawon baki, sannan bayan 'yan watanni nauyin injin ya sa tsakiyar ta lotsa, kwarin da nake haƙawa ya riƙa fita da zurfi iri-iri. Sai na haɗa filawud biyu da gam, na yanke taga a tsakiya, na samo farantin alminiyam mai kaurin milimita 8 a Ƙofar Ruwa na kwantar da shi daidai da saman benci. Baƙin faifan robar da ke gindin rauta shi ne ma'aunin ramukan sukuru. Ka kwance shi ka ɗora a kan farantin ka yi alama. A nutsar da kawunan sukurun, kada ko ɗaya ya ɗago ya kama katako. Na kuma cire sifirin da ke cikin ƙafafun injin, don in ba haka ba duk lokacin da za ka ɗaga baki sai kun yi kokawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makunnin rauta a jikin hannunta yake, kuma da zarar ta koma ƙarƙashin benci ba ka isa ka riƙe shi ba. Abin da yawancinmu ke yi, ni ma na yi: na ɗaure shi da robar tib ya zauna a kunne, ina kashewa da kunnawa daga soket ɗin bango. Wata Laraba bayan la'asar ina cikin aiki aka ɗauke wuta. Na ce to, na shiga cikin gida shan ruwa, ko tunanin soket ban yi ba, tunda inji ya yi shiru. Ɗan ƙanena da ke taya ni aiki ya zo yana share ƙura, ya jingina wani guntun katako a jikin bakin. Minti biyar ba a yi ba aka dawo da wuta. Ina daga tsakar gida na ji ƙarar injin, na ji fashewar gilashi. Guntun nan ya tashi ya fasa luba biyu na taga. Hannun yaron bai fi taƙi ɗaya da bakin ba. Da na fito na tarar da shi a tsaye yana kallon yatsunsa, sai ya ce, "Baba, ai ban taɓa komai ba." Gaskiyarsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Rauta tana juyawa sau 22,000 a minti ɗaya, wato sama da sau 360 a daƙiƙa. Babu mai saurin janye hannu da zai riga ta. Maganin kuwa tsoho ne, masu gyaran wuta sun san shi: makunni mai maɓalli kore da ja, wanda ake kira NVR, irin sitatar da ake sa wa famfon burtsatse. A cikinsa akwai maganaɗisun da wutar kanta ke riƙewa. Wuta na ɗaukewa ya saki, kuma ko ta dawo ba zai kama ba sai an sake danna koren. A inda wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, ko ake sauyawa daga layi zuwa janareta, ban ga dalilin da za a kifa rauta ba tare da shi ba. A kafa shi a gaban benci inda gwiwa za ta iya bugun jan in hannu biyu na kan aiki. Duk da haka in za a sauya baki, a zare filogi gaba ɗaya.

Sauran abubuwan a taƙaice. In kana fuskantar sandar jagora, wato sandar da ake kafawa a kan benci don katako ya bi jikinta, katako daga dama yake tafiya zuwa hagu, domin a kife baki yana juyawa saɓanin hannun agogo. In ka biyo ta ɗaya ɓangaren, ko ka saka katako tsakanin baki da sandar, injin zai fizge shi ya ja hannunka. Ƙaramin katako da wani guntun itace ake tura shi, ba da hannu ba. Manyan bakuna masu faɗin inci uku kuwa sai an rage gudu zuwa wajen 12,000. A cikakken gudu gefensu na tafiyar sama da kilomita 300 a awa, don haka wanda injinsa bai da abin rage gudu ya bar su a shago. Kuma don Allah a naɗe hannun kaftani. Na ga mai aiki da carbi rataye a wuyan hannu, abin ya ba ni tsoro.

Kada a rufe injin ruf a cikin akwati don gudun ƙara. A kife, ƙura cikinsa take zuba, zafi kuma ya taru. Ni na bar bayan bencin a buɗe, ina hure injin duk yamma.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da malaman makarantun koyon sana'a su riƙa duba wannan in sun shiga shaguna, don yara masu koyo su ne ke share benci. Robar tib ɗin tana nan a hannun rautata har yau, babu yadda zan yi da ita, sai dai yanzu wutar ta akwatin kore da ja take bi kafin ta isa wurinta.

Naka,
Tsohon ma'aikaci mai aikin katako a gida,
Kano.