Littattafan Labarin Sarauta da Yaranmu Ke Karantawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan ƙagaggun labaran gidan sarauta da suka cika wayoyin 'yan sakandare, waɗanda ake turawa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. Ni malamin Hausa ne, kuma ina farin ciki da yaro ya so karatu da harshensa. Damuwata ita ce abin da ake ba shi da sunan tarihi.

Kusan duk zubinsu ɗaya ne: yarima mai girman kai wanda ba ya magana sai da ido, baiwa kyakkyawa da za ta zama gimbiya, da matar sarki da ke aiken jakadiya wajen boka da tsakar dare domin a zuba wa kishiya sammu a fura. Masarautar ba ta da zamani, ba ta da alƙali, ba ta da kasuwa, talakawa kuwa ba a ganinsu sai ranar hawa. Wasu marubutan har suna shiga turakar sarki da bayanin da bai kamaci ɗan shekara 14 ba, kuma babu gargaɗin shekaru a farkon littafin.

Abin takaicin shi ne tarihinmu ya fi wannan daɗi. Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da har yau ake zaune a cikinta, ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili, malamin da ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma ikonsu a fada ya kai hakimai su yi taka-tsantsan da su. Basasar da ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarkin Kano Tukur da Yusufawa, wato magoya bayan ɗan uwansa Yusufu, ta raba 'yan uwa na jini a kan gadon mulki. Marubucin da ya zauna ya karanta wannan ba ya bukatar aljani kafin labarinsa ya riƙe mai karatu.

Ba na cewa a ɓoye wa matasa makirci ko bauta. A cikin littafin Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri har aka kore shi, ya nuna uwa tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, kuma ya yi haka ba tare da batsa ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin marubuta su sa a riƙa rubuta shekarun da littafi ya dace da su, jaridarku kuma ta buɗe shafin sharhi inda masana tarihi za su riƙa duba irin waɗannan littattafai kafin iyaye su sayi kati a biya kuɗinsu.

Wassalam,
Wani malamin sakandare, daga Kano