Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni game da maganin ƙanenta

Assalamu alaikum Hajiya,

Kin kira a shirin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙare ban amsa miki yadda ya kamata ba. Kin ce ƙanenki yana fama da ciwon da likitoci ke kira bayifola, wanda ke sa mutum wani lokaci ya nutse cikin damuwa, wani lokaci kuma ɗoki ya yi masa yawa, yanzu kuma damuwa ce ta danne shi. Yana shan Epilim, maganin da ke daidaita wannan ciwo, sai likita ya ƙara masa wani maganin mai suna Lamictal miligiram 25, yau ya sha gobe ya huta, alhali maƙwabciyarku 200 take sha kullum. Kika ce ko likita ya yi kuskure ne, ko ku ƙara masa da kanku tunda har yanzu yana kulle a ɗaki ba ya kula kowa.

Don Allah kada ku ƙara masa ko rabin ƙwaya. Likitan nan ya yi daidai.

Hanta ce ke sarrafa Lamictal ta fitar da shi daga jiki. Epilim kuwa yana rage wa hanta sauri a wannan aikin, sai Lamictal ɗin ya taru a jini har ya ninka. Shi ya sa mai shan Epilim ake fara masa 25 kwana ɗaya bayan ɗaya na mako biyu, sannan 25 kullum na mako biyu, sai 50, a tsaya a wajen 100. Wanda ba ya shan Epilim shi ake kai wa 200. Mai shan Tegretol kuma, wani maganin farfaɗiya da bayifola, hantarsa sauri take ƙarawa, har 400 ana iya kai shi. Ko ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estirojin tana zaftare kusan rabin Lamictal daga jinin mace. Kin ga ke nan adadin maƙwabciyarku ba ma'aunin ƙanenki ba ne, ba ki san me take haɗawa da shi ba.

Abin da ake gudu shi ne ƙuraje. Galibi suna fitowa tsakanin mako 2 zuwa 8 da fara magani, kuma gaggawar ƙara adadi na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo su. Mafi yawa masu sauƙi ne, amma akwai mugun nau'i da ake kira Stevens-Johnson: zazzaɓi, ido ya yi ja, leɓe ya kumbura ya tsage, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiyewa, fata ta riƙa salewa kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Yana kisa, Hajiya. Don haka ku riƙa duba ƙirjinsa da bayansa da cikin bakinsa. Da kun ga ƙuraje, a tsayar da Lamictal a kai shi asibiti a ranar, kada a ce ƙurajen zafi ne a shafa hoda.

Akwai wani kuskure da nake yawan gani a shagon magani. Magani ya ƙare, kuɗi bai samu ba ko an rasa shi a kemis, sai bayan mako guda a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. In ya yi kamar kwana biyar bai sha ba, sai an koma wurin likita, don yawanci daga farko ake sake farawa. Kuma kada wani ya sayo masa maganin damuwa a gefe, domin ga mai bayifola yana iya juya shi zuwa ɗoki, ya daina barci, ya yi ta surutu da ɓarnar kuɗi.

Na san jiran akwai wuya. Lamictal ba ya ɗaga mutum cikin kwanaki, ƙarfinsa ya fi wajen hana damuwar dawowa. Idan kun ga yana ƙara nutsewa, ku koma kafin ranar da aka ba ku, ku tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya. In kuwa ya fara zancen mutuwa ko ya daina cin abinci, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ko Dawanau ne ko Barnawa ko Kware.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri.

Ɗan'uwanki,
Mai harhaɗa magunguna