Littafin Ostireliya Da Ya Cancanci Sharhi A Shafin Adabi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu kula da shafin adabi na wannan jarida zuwa ga wani ƙagaggen labari daga ƙasar Ostireliya mai suna The Yield, wanda Tara June Winch ta wallafa a 2019, ya kuma lashe babbar kyautar adabi ta ƙasar, wato Miles Franklin, a 2020.

Marubuciyar 'yar ƙabilar Wiradjuri ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na jihar New South Wales. Ta ba da labarin August, wadda ta dawo gida daga Ingila domin jana'izar kakanta Albert, sai ta tarar wani kamfanin haƙar kuza na shirin tashin gidansu. Kafin rasuwarsa, tsohon ya duƙufa wajen rubuta ƙamus na harshensu, kuma a ƙarƙashin kowace kalma yakan zuba abin da ya tuna game da kogi, da abinci, da kakanni, da yadda hukuma ta raba shi da danginsa tun yana yaro. Bayan ɓangarorin August da Albert, murya ta uku a littafin wasiƙar wani ɗan mishan ce ta shekarar 1915, mutumin da ya zo da niyyar taimako, amma ya zama shaida kan barnar da shi ma yake da hannu a cikinta.

Abin da ya sa nake ganin littafin ya wuce labarin kewar gida shi ne yanayin shari'ar ƙasar. Bayan hukuncin da babbar kotun ƙasar ta yanke a shari'ar Mabo a 1992 da dokar da ta biyo baya a 1993, an amince 'yan asali suna da haƙƙi a kan ƙasarsu, da sharaɗin su tabbatar cewa alaƙarsu da ita ba ta yanke ba. To, ina hujja za ta fito a wurin mutanen da aka kwashe 'ya'yansu har zuwa wajen 1970, aka hana su yin harshensu, aka kai kayan tarihinsu gidajen adana kayan tarihi? Gwamnatin tarayya ba ta nemi gafarar kwashe yaran ba sai a 2008, ta bakin Firayim Minista Kevin Rudd. A irin wannan hali, abin da dattijo ya riƙe a ka yana iya zama takardar mallakar al'umma sukutum, kuma nan ne ƙamus ɗin Albert ya samu nauyinsa.

A nawa ganin, ɓangaren August bai kai na kakanta ƙarfi ba, domin ƙarshensa ya zo da ɗan gaggawa. Duk da haka ina roƙon a yi wa littafin cikakken sharhi, musamman ganin cewa a jihohi irin su Bauchi akwai ƙananan harsuna da matasa suka bari suka koma Hausa, kuma dattawan da suka iya su suna ta raguwa.

Wassalam,
Mai karatu daga Bauchi