Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina kan Fankokin Iska na Lambar Rimi

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da mubaya'a, mu talakawanka masu aikin wayarin, makanikai da masu walda na ƙasar Rimi, muna kawo kukanmu kan tashar wutar iska ta Lambar Rimi, wadda aka ɗauko zancenta tun 2005, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamnan jihar Katsina.

Fankoki 37 ne, kowacce mai kilowat 275, jimilla megawat 10 da ɗan ɗoriya. Ƙirar kamfanin Vergnet ce ta Faransa: farfela mai fiffike biyu a kan turke mai tsawon mita 55, wanda igiyoyin ƙarfe ke riƙe da shi. Alherin wannan ƙira shi ne ana iya kwantar da turken ƙasa a yi gyara, ba sai an ɗauko hayar kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ba. Wato aiki ne da yaranmu za su iya idan an koya musu.

Ranka ya daɗe, ba juyawa ke kashe irin wannan inji ba, zama ne. Fankar da ta yi watanni a tsaye, giris ɗinta yakan daskare, iska kuma ta riƙa girgiza ta a wuri ɗaya har ƙwayoyin boris su yi wa mazauninsu rami. Ranar da aka sake ta sai ka ji tana gurnani, daga nan sai canjin boris gaba ɗaya. Ga kuma hunturu. Ƙurar nan mai laushi kamar gari tana toshe matatar iska, janareta ya ɗau zafi ya kashe kansa. Idan ta shiga man giya, man ya koma kamar kunun yashi, yana cin haƙoran giyar a hankali. Igiya ɗaya ta saki, turken ya fara rawa, notuna su kwance. Mafi ciwo shi ne sace wayar jan ƙarfe da ke kai tsawa ƙasa: ɓarawo ya sayar da ita a kilo, aradun farkon damina kuma ya ƙone allon sarrafa injin.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki wurin hukumomin da abin ya rataya a kansu, a zaɓi matasan yankin a horar da su, a ba su jadawali a rubuce: wanke matata kowane wata daga Nuwamba zuwa Maris, gwada ɗaurin igiyoyi da wayar tsawa kafin ruwan farko, auna man giya a kan kari. A kuma ajiye boris, matata da giris a sito a nan, kada fanka ta zauna jiran kaya daga ƙetare. Gadin filin, a sa hakimi, dagatai da masu unguwanni a ciki, su suka san kowa, a ja kunnen masu sayen gwangwan.

Sai batun magidanta da masu shaguna da suka fara sha'awar ƙananan fankoki. Ƙarfin wutar iska yana raguwa sosai idan gudunta ya ragu: iska ta ragu da rabi, wutar ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa fankar da aka ɗaura kan rufin kwano tsakanin gidaje da bishiyoyin darbejiya ba ta cika batir, sai jijjiga katanga. Tana bukatar turke a fili, ya ɗara duk abin da ke kewaye da kamar mita 10, a haɗa ta da sola, a sa mata na'urar da ke zubar da rarar wuta idan batir ya cika, in ba haka ba ta yi gudun da zai karya fiffikenta. Muna roƙon a fitar da ma'aunin iskar da tashar ke tarawa ga jama'a, kowa ya duba kafin ya zuba kuɗinsa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, amin.

Mu ne talakawanka,
Masu aikin wayarin, makanikai da masu walda na ƙasar Rimi