Barkwancin Dandamali Ba Baƙo Ba Ne a Wurinmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in gyara wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin matasanmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, wai barkwancin da mutum guda yake yi a tsaye gaban jama'a, yana gwama zance da waƙa da kwaikwayon muryoyi, daga Amurka aka kawo mana shi ɗungurungum. Makirufo da tikitin shiga kam na baƙi ne, amma sana'ar kanta tamu ce tun kaka da kakanni.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kama ya san haka. Yakan tsaya a tsakiyar taro ya ari muryar malami, ya shiga rera karatu cikin natsuwa, amma idan ka kasa kunne sai ka ji tuwo da miya da fura yake jerowa, jama'a suna amsawa suna kwashewa da dariya, domin kowa ya gane kwaɗayin ɗan Adam ake tona wa asiri. 'Yan gambara kuwa da kiɗa suke rakiyar zambonsu a kasuwa.

Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Akan ma ba sa ba da labarin Ananse, ɗan'uwan Gizonmu, ba tare da sun katse shi da waƙa ba. Gaskiya ne wasan konsat, wato wasan kwaikwayon barkwanci na Ghana na su Bob Johnson, ya ari kwalliya da rawa daga Amurka, sai dai wayon Ananse ne ya riƙe shi, kuma da mawaƙi E.K. Nyame ya kafa ƙungiyar Akan Trio a 1952 ya haɗa shi da kiɗan hailaif cikin harshen Twi. Daga wannan gida ɗan barkwanci Nkomode ya fito, da Bob Okala mai ɗaura agogon bango a hannu, waɗanda muka riƙa taruwa muna kallo a gidan talabijin na GTV a shekarun 1990.

Abin da yake ci mini rai shi ne, Akan sun kai nasu har National Theatre da ke Accra, mu kuwa yaranmu masu basira suna kwaikwayon na waje a TikTok ba su ko san sunan kamanci, wato sana'ar ɗan kama, ba. Ina roƙon ku turo wakili Zangon Kumasi ya zauna da dattawan da suka ga 'yan kama da idonsu, ya rubuta abin da suke tunawa tun suna raye.

Wassalam,
Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi